Cusasshen tattasai

Cusasshen tattasai abinci ne da ake fafe cikin tattasai, a cire 'ya'yansa, a ɗura masa haɗin shinkafa da nama ko wani abin da ya sawwaƙa, sannan a dafa shi cikin miya, ko a turara, ko a gasa. Tattasan shi ne mazubi, kuma tare da shi ake cinye abin da ke ciki. Larabawan Masar da Sudan da Sham suna kiransa mahshi, Turkawa suna ce masa dolma. Ba ya cikin abincin gargajiyar Hausawa. A Zariya da sauran biranen Arewa ya shigo ne ta hannun masu zuwa ƙasashen Larabawa karatu ko fatauci, da makarantun koyon girki, da shirye-shiryen talabijin da bidiyon waya, kuma har yanzu abincin marmari ne: na buɗa-baki, na tarbar baƙo, na ranar da uwargida ke son canza hannu.

Wahalar girkin duk a wuri guda take. Tattasai ko ɗanye ana cinsa, mintoci kaɗan a wuta sun ishe shi ya yi laushi, in aka zarce ya saki jiki ya zube. Shinkafa da nama kuwa suna son lokaci, suna son ruwa. Hanyoyin da al'ummu daban-daban suka ɓullo da su, daga masu ɗura ɗanyar shinkafa zuwa masu soya komai tukuna, duk dabaru ne na sa ciki da waje su nuna a lokaci ɗaya.

Tattasan da ya dace

A kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada, in mutum ya ce a ba shi tattasai, abin da mai kayan miya zai miƙo shi ne jan nan dogo mai ɗan lanƙwasa, wanda ake markaɗawa da tumatir da attarugu. Wanda yawancin masu girki na ƙasashen waje ke nufi kuwa shi ne kumburarren nan mai kauri, mai tudu uku ko huɗu a gindi, wanda a nan ake kira koren tattasai, kuma an fi samunsa a teburin masu kabeji da karas da kokwamba da koren wake. Shi ya sa mai sayarwa kan tambaya, "Hajiya, na miya ko na salak?" A wajen masana tsirrai duka biyun jinsi ɗaya ne, Capsicum annuum, dangin tumatir da dankalin turawa da gauta. Attarugu jinsinsa daban, Capsicum chinense.

Koren tattasai ɗanye ne da aka tsinka kafin ya nuna. Hausawa sun ce kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba, kuma maganar ta kusa zama daidai a kan ɗan'uwansa: in aka bar koren a jikin uwarsa zai rikiɗa ya koma ja, sai dai wasu irin su koma ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. Da nunar ne zaƙi ke ƙaruwa, ɗan ɗacin nan na kore ya tafi. Ja da ruwan ɗorawa sun fi tsada nesa ba kusa ba, saboda sun fi daɗewa a gona, sun fi saurin lalacewa a hanya, kuma da yawansu a rumfunan leda ake nomansu. Kore ya fi tauri, ya fi jure wuta, kuma wanda ya iso daga Jos da sanyin safiya yana ƙyalli ba shi da abin kushewa.

Yajin barkono daga wani sinadari yake mai suna kafsaisin. A ma'aunin yaji da Ba'amurke Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, koren tattasai sifili yake, attarugu kuwa yana tsakanin 100,000 da 350,000. Tattasan miya namu wani lokaci yakan zo da ɗan yaji, kuma yajin a fararen jijiyoyin nan na ciki yake taruwa, ba a 'ya'yan ba kamar yadda aka ɗauka. In aka kankare jijiyoyin, yawancinsa ya tafi.

Ba a yi wa tattasan miya adalci a wannan girki. Gaskiya ne ba ya tsayuwa da gindinsa, kuma fatarsa siririya ce. Amma ya fi araha, ƙamshinsa shi ne wanda harshenmu ya saba da shi, kuma in aka tsaga shi ta gefe aka kwantar, yana ɗaukar haɗi sosai. Irin tattasan da ake cusawa a Masar da Turkiyya da Hungari ma mai siririyar fata ne, ya fi kusa da namu a kan ƙaton nan na Amurka. Sharaɗinsa ɗaya: tunda ba ya daɗewa a wuta, sai haɗin ya zama dafaffe kafin a ɗura.

Wajen zaɓe, a duba mai nauyi a hannu, fata a miƙe ba yamutsa, hancinsa kore shar, babu tabon ruwa ko hudar tsutsa. A ɗora shi a tafin hannu a ga ko zai zauna. A kuma zaɓi masu girma ɗaya, don kada ƙanana su narke manya suna jira. Akwai wata magana da ke yawo a waya cewa mai tudu huɗu mace ne, mai uku namiji, wai macen ta fi zaƙi. Ba ta da tushe. Furen tattasai yana ɗauke da sassan biyu gaba ɗaya, ɗan da ya haifa ba shi da jinsi, yawan tudu kuwa ya danganta ne da iri da yanayin gona. Amfanin mai huɗu kawai shi ne ya fi zama daram a tukunya.

Lokacin arahar kayan miya a Zariya shi ne daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara, sa'ad da amfanin noman rani na fadamun kogin Galma da na yankunan Hunkuyi da Kudan da Makarfi ya cika kasuwa. Da faɗuwar damina kaya sukan yi wuya, tattasai ya yi tsada ya kuma ƙanƙance.

Asali da yaɗuwa

Duk wani barkono da tattasai da attarugu na duniya asalinsa nahiyar Amurka ne. Mutanen yankin Meziko sun shafe dubban shekaru suna noman Capsicum annuum kafin Turawa su san da shi. Ayarin Christopher Columbus ne ya kai shi Sifaniya a 1493, daga nan 'yan kasuwar Fotugal suka bi da shi gaɓar Afirka ta Yamma da Indiya da gabashin Asiya. Cikin ƙarni guda ya shiga tukwanen rabin duniya, har mutane da yawa suka manta baƙo ne. Miyar jan nan da Bahaushe ke gani kamar tun kaka da kakanni take, tumatirinta da tattasanta da attarugunta duk asalinsu nahiyar Amurka ne.

Dabarar cusa kayan lambu kuwa ta girmi zuwan tattasai. Littattafan girkin Larabawa na ƙarni na 13 sun riga sun kawo yadda ake fafe babban gautan nan mai launin shunayya a ɗura masa nama. Da tattasai ya iso ƙasashen Daular Usmaniyya, sai ya tarar da gurbi a shirye, ya kuma fi sauran dacewa, domin shi da kogonsa yake zuwa, ba sai an sha wahalar fafewa ba. Mulkin daular, wanda ya kai har 1922, shi ya baza girkin daga Istanbul zuwa Girka da ƙasashen Balkan da Sham da Masar. Ta hannun Turkawa ne kuma tattasai ya shiga Hungari a ƙarni na 16. Shahararren irin ƙaton nan mai kauri marar yaji kuwa, California Wonder, a 1928 aka fito da shi a Amurka.

Yadda wasu ƙasashe ke yinsa

A Turkiyya iri biyu ne. Akwai mai nama, wanda ake ci da zafi da kindirmo a gefe. Akwai kuma marar nama, na shinkafa da albasa mai yawa da man zaitun da ƙananan zabibi da kirfa da na'a-na'a, wanda ake barinsa ya huce a ci da sanyi. Sukan toshe bakin kowane tattasai da yankan tumatir. A yankin Gaziantep da ke kudancin ƙasar, ana fafe tattasai da gauta lokacin da suka yi yawa, a zarga su a zare a shanya, in sanyi ya zo a jiƙa a ruwan zafi a cusa. Busasshen tattasanmu da ake shanyawa a ƙasa don miya ba ya yin wannan aiki, domin ba a fafe shi ba kuma yakan kakkarye.

Mahshin Masar yawanci ba nama a cikinsa. Ɗanyar shinkafarsu ce gajeriya ake cakuɗawa da miyar tumatir da albasa da ganyayen ƙamshi irin su kusbara da fasli, a ɗura a ƙananan tattasai da gauta da ganyen kabeji da na inabi, a jera su tukunya ɗaya a dafa da romo. A Girka a obin ake gasa tattasai da tumatir tare, a cike tsakaninsu da yankan dankali. Hungari da Sabiya da Romaniya suna haɗa ɗanyen nama da shinkafa su dafa cikin miyar tumatir mai yawa. Sau da yawa naman alade ne, Musulmin Bosniya kuwa na sa ko na rago suke sawa.

Meziko, gidan tattasai, ta bi wata hanya daban. Ana babbaka wani iri mai suna poblano a kan wuta, a saɓule fatar, a ɗura cuku ko nama, a tsoma a ƙwai da aka kaɗa ya kumbura, a soya. A birnin Puebla akwai wanda ake yi a watannin Agusta da Satumba, koren tattasai da farar miya da jajayen 'ya'yan rumman a sama, launukan tutar ƙasar. A Indiya dafaffen dankali ake murƙushewa da kayan yaji a cusa. A Japan rabawa ake yi biyu, a barbaɗa fulawa a ciki don nama ya kama, a kifa a kasko. Wanda aka fi gani a bidiyon girki, mai niƙaƙƙen naman sa da shinkafa da cuku na narkewa a sama, na Amurka ne, kuma shi ya sa mutane da yawa ke zaton ba a yin girkin sai da obin. Yawancin ƙasashen da suka daɗe da shi a tukunya suke yi.

Haɗin ciki

Ga manyan tattasai 6, abin da aka saba shi ne niƙaƙƙen nama gram 400 zuwa rabin kilo, shinkafa gwangwanin madara ɗaya, albasa 2, tumatir 4 ko 5, attarugu ɗaya ko biyu, tafarnuwa, citta, masoro, ɗan kori, gishiri da dunƙule, da man gyaɗa cokali 3 zuwa 4. Wannan ba doka ba ce. In nama ya yi tsada a rage shi a ƙara shinkafa da karas, ba abin da zai ɓaci.

Maganar shinkafa ita ce inda aka fi tafka kuskure. Wanda ya ga Bamisriya ta ɗura ɗanyar shinkafa, shi ma ya ɗauko tasa ta buhu ya ɗura, zai buɗe tukunya ya tarar tattasai ya narke shinkafa na ƙaras-ƙaras. Dalili shi ne ba shinkafa ɗaya ba ce. Ta Masar gajeriya ce, ba a turara ta ba, tana shan ruwa da wuri ta yi danƙo. Wadda muke dafa-duka da ita doguwa ce, an turara ta tun tana cikin ɓawonta kafin a sheme, shi ya sa take da tauri, take son ruwa mai yawa da wuta mai tsawo, kuma ɗan ruwan da ke cikin tattasai ba zai ishe ta ba. Saboda haka sai an yi mata rabin dahuwa: a tafasa kamar minti 10 zuwa 12, har wajenta ya yi laushi amma in an matsa ƙwaya tsakanin yatsu a ji tsakiyar da sauran tauri, sannan a tace a gwagwa. Wanda ke son bin hanyar Masar sak, shinkafar tuwo ce ta fi kusa da tasu. A wanke, a jiƙa rabin awa, a ɗura ɗanya. Tana ba da haɗi mai laushi da ke riƙe jikinsa in an yanka.

Nama kuma, na shanunmu ba shi da kitse sosai, ga shi mahauci in an ce ya niƙa yakan zaɓo tsoka zalla. Irin wannan yana bushewa a cikin tattasai. Gara a ce ya haɗa da ɗan kitse, ko a ƙara mai da albasa a haɗin. Inda ba injin niƙa, a yanka ƙanana a daka a turmi, ko a yi ta sara da wuƙa a kan katako. Naman rago na Babbar Sallah ya dace da wannan girki ƙwarai saboda maiƙonsa.

Hanya mafi tabbas ita ce a soya. A sa mai, a zuba albasa ta yi laushi, a kawo nama a riƙa farfasa shi da ludayi don kada ya dunƙule, har jan ya ɓace ruwansa ya tsotse. Sai jajjagen tumatir da attarugu da kayan ƙamshi, a bar su har mai ya fara tasowa. A sauke, a juye shinkafar, a yanka lawashi a kai, a ɗanɗana. Haɗin ya kamata ya ɗan fi abincin yau da kullum gishiri da yaji, domin tattasan zai saki ruwa ya salance shi. Ya kuma zama da danshi, ba a bushe ba, ba kuma yana zuba ba. Masu cusa ɗanyen nama suna da hujjarsu, romon naman yana shiga shinkafa kai tsaye, amma ba a iya ɗanɗanawa kafin a ɗura, kuma in shinkafar ta yi kaɗan naman yakan tsuke ya zama dunƙule guda yana yawo a cikin kogon.

Ba lallai sai shinkafa ba. Kuskus da acha da burabusko suna yi, kuma da yake ba sa son dahuwa mai tsawo sun fi dacewa da tattasan miya. Ragowar dambun shinkafa da zogale na jiya, in aka ɗan yayyafa masa mai da romo, haɗi ne da ya riga ya kammala. Dambun nama, kifin gwangwani da dafaffen ƙwai, dankalin turawa, wake, marmasasshiyar awara da aka soya da albasa, duk suna shiga. Wasu ma ƙullun alale suke zubawa a cikin tattasan su turara. Game da cuku, na kanti ne ke narkewa ya yi zare. Cukwi da awara ba sa narkewa, kuma girkin bai rasa komai ba in babu shi.

Fafewa da ɗurawa

A wanke tattasai da kyau tun yana rufe, saboda ƙura da feshin magani. A zagaye saman da wuƙa mai tsini kamar faɗin yatsa ƙasa da hanci, a ɗaga hular, 'ya'yan za su biyo ta a dunƙule. A yanke su a ajiye hular. A sa ƙaramin cokali a kankare fararen jijiyoyi, a kifa a bubbuga sauran 'ya'yan su zubo. Wanda ya ƙi zama, a ɗan shafce tudun gindinsa, amma kada wuƙa ta huda, in ta huda romo zai tsiyaye. Sannan a shafa ɗan gishiri da mai a bangon ciki. Mutane da yawa suna tsallake wannan, shi ya sa ake samun haɗi mai daɗi a cikin tattasai lami.

Dafaffen haɗi ana cika shi har baki, a ɗan danna da bayan cokali ba tare da an kirɓa ba. Mai rabin dahuwa a bar masa sararin yatsa guda. Ɗanyar shinkafa kuwa kada ta wuce kashi biyu cikin uku na kogon, domin tana kumbura ta kusan ninka kanta uku, in ba wuri sai ta fasa bango. A mayar da hula, ko a rufe da yankan tumatir. Tattasan miya da aka tsaga ta gefe, tsinken sakace ɗaya ko biyu ya isa ya kame bakinsa.

Dahuwa

Tukunya ita ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin gidaje. A shimfiɗa yankan albasa da tumatir ko dankali a ƙasa don kada gindin tattasai ya kama. A jera su a tsaye kamar yadda ake jera gwangwanayen alale, su matsu da juna, domin wanda ya sami fili faɗuwa yake yi. In tukunyar ta yi faɗi a toshe gurbin da dankali. A zuba miyar tumatir mai ruwa-ruwa ko romo ta gefe, ta kai rabin tsayinsu, kada ta haura baki. A rufe, in ya tafasa a rage wuta sosai, ya yi ta ɓararraka a hankali minti 35 zuwa 45. A kan gawayi a janye garwashi a bar kaɗan. A kan gas a mayar da shi can ƙasa, musamman in tukunyar ba ta da kauri. Lokaci-lokaci a ɗebi miyar a zuba a kansu. Alamar nuna ita ce koren ya dushe ya koma kalar ganyen da ya sha wuta, fata ta ɗan yamutse, tsinke ya shige bango ba gardama, shinkafar tsakiya kuma ta yi laushi. In tattasai ya nuna shinkafa ba ta nuna ba, a zuba romo cokali biyu cikin kowanne, a rufe ruf, a ba shi minti 10 a wuta kaɗan.

Madambaci ya fi kowace hanya kiyaye siffar tattasai da launinsa, kuma ba fargabar ƙonewa. Sai dai tururi kaɗai ba ya dafa ɗanyar shinkafa a kan lokaci, don haka haɗin ya zama dafaffe. Minti 20 zuwa 30 sun isa, tattasan miya ma bai kai haka ba. Da yake ba miyar da ta shige shi, sai a yi ta daban a zuba a kai wajen ci.

A obin ana sa zafi digiri 180 zuwa 190 a ma'aunin Salshiyas. A zuba ɗan ruwa ko miya a ƙasan farantin gashi, a rufe da murfi ko takardar alminiyom na minti 30 zuwa 35, sannan a buɗe na minti 10 zuwa 15 don sama ya gasu. Abin da obin ya fi sauran da shi ke nan, gefen da ya ɗan babbake da zaƙin da gashi ke fitarwa. Wasu sukan fara tafasa tattasan minti 3 kafin su ɗura. In za a rufe farantin, wannan ƙarin aiki ne kawai, yana kuma zubar da ɗanɗano a ruwan da za a watsar.

Wanda ba shi da obin amma yana son gashi, dabarar da ake gasa kek da ita tana aiki a nan. A zuba wankakken yashi busasshe ko tsakuwa a babbar tukunya, a rufe ta yi zafi minti 10, a ɗora kwanon tattasan a kai, a rufe. In aka zuba garwashi kaɗan a kan murfin, sama ma zai yi ja.

Kowace hanya aka bi, a bar shi ya huta minti 10 bayan saukewa. Da zafinsa bango yana da rauni, cokali na taɓa shi zai yage. In ya ɗan sarara haɗin yakan kama jikinsa. Niƙaƙƙen nama ba kamar tsoka guda ba ne, ƙwayoyin cutar da ke bayansa niƙa ta riga ta kai su ko'ina, saboda haka dole tsakiya ta dahu. Masu ma'aunin zafi su nemi digiri 71 ga naman sa ko rago, 74 ga kaza. Marasa shi su tsaga ɗaya su duba, kada a ga ja ko kaɗan.

Amfaninsa a jiki

Fiye da kashi 90 cikin 100 na tattasai ruwa ne, amma yana cikin kayan lambun da suka fi bitamin C. A gram 100 na ɗanyen ja akwai kusan miligiram 128, kore kusan 80, lemon zaƙi kuwa kusan 53. Baligi yana buƙatar tsakanin 75 da 90 a rana. Daga tattasan Hungari ne masanin nan Albert Szent-Györgyi ya tace bitamin C mai yawa a birnin Szeged, aikin da ke cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1937. Wannan bitamin ba ya jure zafi kuma yana narkewa a ruwa, don haka dahuwa tana rage shi. Turarawa ta fi tafasawa kiyaye shi, wanda ya dafa a miya kuma ya shanye miyar. Ja ya fi kore sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Bitamin C yana kuma taimaka wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, abin da ya sa haɗin wake ko zogale a cikin tattasai yake da ma'ana. Wasu mutane koren yana sa su gyatsa ko kumburin ciki, nunanne ya fi musu sauƙi.

Ci da ajiya

Babban tattasai ɗaya da miya yana isar mutum in akwai wani abu a gefe, biyu in shi kaɗai ne abincin. Ana ci da burodi ko gurasa, ko soyayyen dankali, ko farar shinkafa in haɗin nama ne zalla. Kindirmo marar sukari da aka dama da tafarnuwa da ɗan gishiri yana tafiya da shi sosai. Lokacin azumi ana iya yin haɗin da ɗurawa tun da rana a sa a firji, a ɗora bayan la'asar.

Ɗanyen tattasai ba ya son sanyi mai tsanani, ƙasa da digiri 7 yakan yi tabo ya yi ruwa, don haka a aljihun ƙasa na firji ake sa shi, kuma ba a wanke shi sai za a yi amfani da shi. Dafaffe kuwa haɗarinsa a shinkafar yake. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dahuwa ba ta kashe irinta, in shinkafa ta daɗe a ɗumi sai ta hayayyafa ta saki dafin da ke sa amai ko gudawa, kuma ɗumame ba ya karya dafin da ke sa aman. Ƙa'idar ita ce kada ya wuce awa 2 a waje, awa 1 in zafin gari ya haura digiri 32, wanda a Zariya haka yake yawancin ranakun Maris da Afrilu. A firjin da ke aiki ba yankewa yana kwana 3 zuwa 4; inda wutar lantarki ba ta tsayawa, a dafa daidai wanda za a cinye. Firiza tana ajiye shi watanni, amma tattasan yakan fito a saɓule da ruwa-ruwa, don haka ya fi kyau a daskarar da haɗin shi kaɗai, a sayi sabon tattasai ranar da za a ɗura. Wajen ɗumame a yayyafa ruwa kaɗan, a rufe, a bar shi a wuta kaɗan har tsakiyar ta yi zafi tana tururi.